Yadda Ake Haɗa Sifikun Tsakar Gida da Risiba ta Hanyar Zone 2

Watanni biyu da suka wuce na ɗaura sifiku biyu a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanmu, na ja kebul har falo, na jona a bayan risiba, wato na'urar nan da ke karɓar sauti daga dikoda ko talabijin ta rarraba wa sifikun falo. Na kunna, shiru kake ji. Kwana biyu ina zargin an sayar mini da jabu, har na sauke sifikun zan mayar shago. Ashe babu abin da ya lalace, ni ne ban fahimci yadda Zone 2 ke aiki ba.

Ka ɗauki Zone 2 tamkar wata ƙaramar na'ura ce a cikin risibarka. Tana da makunninta, da ma'aunin ƙararta, da inda take ɗauko sauti. Shi ya sa ana iya kallon ƙwallo a falo, a tsakar gida kuma ana sauraron wani abu daban daga wayarka.

1. Duba bayan risiba

Ramukan Zone 2 iri biyu ne. Akwai masu murɗawa, ja da baƙi, waɗanda ake jona sifika kai tsaye. Akwai kuma na RCA, ja da fari, da aka rubuta "Zone 2 Out" ko "Pre Out" a kansu. Waɗannan na biyun ba su da ƙarfin tuƙa sifika, sai ka haɗa su da wata amfilifaya daban.

2. Ba Zone 2 aron amfilifaya

Risiba mai lamba 7.2 tana da amfilifaya 7 a ciki. Biyu daga ciki, waɗanda aka tanada don ƙarin sifikun baya, su ake ba Zone 2 aro, sai falo ya koma 5.1. Amma sai ka shiga saiti ka sanar da ita. A Denon da Marantz ka nemi "Amp Assign", a Yamaha kuma "Power Amp Assign", ka zaɓi wanda ke da Zone 2. Idan ba ka yi haka ba, sautin bayan fim ne za ta riƙa turawa waje, ko ta yi shiru.

3. Kunna Zone 2 ita kanta

Kunna risiba ba ya kunna Zone 2. Danna maɓallinta a rimot ko a gaban risibar, ka zaɓar mata inda za ta ɗauko sauti, sannan ka ƙara mata murya a hankali.

4. Nan aka fi faɗuwa

Risiba da yawa, musamman tsofaffi da ake samu a kayan gwanjo, ba sa tura sautin dijital zuwa Zone 2. Duk abin da ya shigo ta HDMI ko kebul ɗin haske a falo yake tsayawa. Sautin analog, wanda ya shigo ta RCA, shi ke wucewa waje. Wannan ce matsalar da ta cinye mini kwana biyu.

Maganin ba shi da tsada. Ka bar HDMI yadda yake, ka ƙara kebul ɗin RCA daga dikoda zuwa risiba, ka zaɓe shi a Zone 2. Idan daga waya kake so, nemi kebul mai kan iyafis na milimita 3.5 a gefe ɗaya da RCA a ɗaya gefen, ko ƙaramin akwatin Bluetooth mai fitar da RCA. Sababbin risiba masu intanet sun fi sauƙi: manhajar HEOS ta Denon da Marantz, ko MusicCast ta Yamaha, tana tura sauti daga waya zuwa Zone 2 ta Wi-Fi.

5. Kebul da nauyin sifika

Idan sifikar mai ohm 8 ce kuma nisan bai wuce mita 15 ba, kebul mai lamba 16 AWG ya isa. In ya fi haka, ɗauki 14 AWG, ya fi kauri. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. In ka juya ɗaya, dokan sautin zai raunana. Kada ka cusa sifiku biyu masu ohm 8 a rami ɗaya, domin nauyin zai koma ohm 4, risiba ta ɗau zafi ta kashe kanta. Haka ma silin waya guda da ya taɓa maƙwabcinsa yana jawo hakan. Kashe risiba kafin ka taɓa kowane kebul.

Mu masu rubuta manhaja, in abu ya ƙi aiki, ɗaya bayan ɗaya muke gwadawa. Kafin ka hau tsani, kawo sifikar falo, ka jona da ɗan gajeren kebul, ka zaɓi rediyon FM na risibar a Zone 2. In ta yi magana, amfilifaya da sifika lafiya lau, sai ka binciki inda sautin ke shigowa ko dogon kebul ɗinka.

Sifikun kuwa ka sayi waɗanda aka ƙera don waje, ka ɗaura su inda ruwan damina ba ya dukansu kai tsaye. In risibarka tana da saitin ƙayyade ƙarar Zone 2, yi amfani da shi, domin daga falo ba ka jin abin da maƙwabta ke sha.