Ku Riƙa Ƙirga Waɗanda Suka Miƙe

'Ya'yana masu ɗawainiya da dabbobin da aka yasar: Ranar Laraba bayan la'asar ɗayanku ya zo zaurena, ya zauna a gefen tabarma, ya kasa ko taɓa furar da aka ajiye masa. Kwana tara ya yi yana jinyar wani jaki da ya tsinta a bakin kwalabati, rana ta goma ya tarar da shi a sandare. Ya ce mini, "Baba, anya ba aikin baban giwa muke yi ba?" Na ba shi amsa a ranar, amma na ga ya kamata ku ma ku ji.

A shekarar 1983 ina saurayi sabon malamin dabbobi, ciwon bushiya ya faɗa wa shanun Arewa. Saniya za ta fara da zazzaɓi, idanu na zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, sai zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ta kwanta ba tashi. Mukan ɗauko allurar rigakafi da ake yi a Vom, mu lulluɓe ta da ƙanƙara don kada zafi ya kashe ta, mu nufi ruga. Sau da yawa ungulu kan riga mu isa. Na ga dattijon Bafulatani tsaye da sandarsa a kafaɗa, yana kallon garken da ya gada daga kakansa ya zama mushe. Abin da ya ƙara karya mana gwiwa shi ne tun 1962 aka ƙaddamar da gagarumin rigakafi a ƙasashen tafkin Chadi, har aka ɗauka an gama da cutar, aka yi sakaci, ta dawo. Da wani ya ce mini a lokacin za a wayi gari babu ita, da na ce masa ya tafi da tatsuniyarsa. Amma a 2011 aka yi shelar cewa ciwon bushiya ya ƙare a doron ƙasa, cuta ta biyu da aka ga bayanta bayan agana. Da yawa cikin waɗanda muka riƙe igiya tare ba su kai wannan rana ba, amma hannunsu na ciki.

To, ku sani, aikin nan ya fi rayuwar mutum ɗaya tsawo. Wanda ya ce sai ya ga ƙarshensa da idonsa zai ƙone zuciyarsa a banza.

Ku sami ɗan littafi na musamman. Zuciya tana riƙe mutuwa, tana mance warkewa, don haka duk dabbar da ta miƙe ku rubuta ta: magen da kuka zura wa kwando a rijiya, akuyar da likita ya ciro wa dunƙulen leda daga tumbi, karen da kuka cire wa waya a wuya. Daren da barci ya ƙi zuwa, ku buɗe shi ku karanta.

Kuma kada ku bar tausayin dabba ya zame muku ƙin mutane. Za ku ga jaki da gyambo a gadon baya kamar tafin hannu, ƙuda sun yi masa ƙawanya, tsutsa na motsi a ciki, ranku ya tafasa. Kafin ku ɗaga murya, ku dubi mai jakin. Sau tari wannan mangalar yashi ita ce tuwon daren iyalinsa. Ku yi masa sallama, ku tambayi gida, sannan ku durƙusa ku wanke mikin da ruwan ɗumi da gishiri a gabansa. Ku nuna masa inda akumari ke gurzar fata, ku taya shi ƙara masa laushi, ku roƙe shi ya hutar da dabbar ko da mako guda ne. Wanda kuka kunyata zai canza hanya gobe. Wanda kuka mutunta shi zai kawo muku jakin maƙwabcinsa.

Idan kuna neman abin da zai sanyaya muku rai, ku leƙa Nijar. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, ba su kai 50 ba, kuma su ne ƙarshen irinsu a Afirka ta Yamma. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsaya a kansu, suka haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai su Gadabeji a jihar Maraɗi. Haka ma jakunan da ake yankawa don kai fatarsu ƙasar Sin: Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta cinikin fatar a Fabrairun 2024. Ba a daina fasa-ƙwauri ba, amma kukan da ake yi an fara jinsa.

Ku kula da kanku ma. Ku ci abinci, ku je ɗaurin aure, ku yi hira da iyali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in kun gaji ku miƙa wa ɗan'uwa igiya. Wanda kare ya ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya garzaya asibiti a ranar.

Shi kuwa yaron nan da ya zo zaurena, na tambaye shi, "A kwana taran nan, jakin ya sha ruwa?" Ya ce ya sha. "Ya kwana a inuwa? An dake shi?" Ya ce a inuwa ya kwana, ba wanda ya taɓa shi. Na tuna masa labarin da malamai ke kawowa na mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Ba a faɗa mana shekara nawa karen ya ƙara a duniya ba. Shayarwa ce taka, rai na Mai shi ne.

Ya ɗan yi shiru, sannan ya jawo ƙwaryar furar. Ya ce akwai wata jaka mai ɗingishi a bayan kasuwa, zai duba ta kafin magariba.

Allah ya ƙara muku haƙuri, ya sa ku gama lafiya.