Daga difloma zuwa aji biyu: kira ga ƙannena na Gwarzo da Kabo

Makon jiya wani yaro ɗan Kabo ya shigo ofishina a Sharaɗa, yatsunsa biyu a naɗe da bandeji, inji ya datse su. Shekara uku yana aiki a wata masana'anta kusa da mu. Na ce ya nuna mini takardar ɗaukarsa aiki, sai ya zaro katin shiga ƙofa, shi ke nan abin da ya mallaka. Bai san Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku ba. Bai taɓa jin dokar diyya ta 2010 ba, wadda ta sa kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi ga asusun inshora na NSITF saboda irin wannan rana.

Ni jami'in kula da ma'aikata ne, ɗan Gwarzo. Samarinmu sun cika Sharaɗa da Challawa da Bompai suna leburanci, amma a kujerar da ake yanke albashi da sallama da wuya ka ga namu. Shi ya sa nake kwaɗaita wa masu difloma da NCE karatun dangantakar ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki. Jami'ar Legas tana da sashe guda a kansa, wasu jami'o'in kuma sun saka shi cikin karatun gudanarwa.

Ni ma difloma na fara yi, sannan na cike fom ɗin DE na JAMB na shiga aji biyu. Da kawuna ya ji abin da zan karanta sai ya ce, "To, yajin aiki za a koya maka?" Har da shi kam, amma galibi sasanci ne da dokar aiki da lissafin fansho, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, 8 daga ma'aikaci.

Shiga aji biyu akwai wahalarsa. Abokan karatuna sun riga sun yi lissafin ƙididdiga a aji ɗaya, ni kuwa sai da na ari littattafansu na bi da daddare, duk da haka zangon farko na sha kashi. Na kuma yi sakaci ban nemi takardar cikakken sakamakona da wuri ba, saura ƙiris rajista ta wuce ni.

Babban tarkon shi ne gurbin da bai bi ta CAPS ba, wato tsarin ba da gurbi na JAMB. In sunanka bai shiga kundin JAMB ba, ka gama digiri ka zauna jiran bautar ƙasa, ba za a kira ka ba. Don Allah kafin ka biya ko sisi, ka buɗe shafinka na JAMB da kanka, ka tabbata gurbin yana nan, ka karɓa, ka buga takardar ka adana.