Rigar da Ke Numfashi: Darasi Daga Tsaunukan Ƙanƙara

Tsakanin garin Shamoni na Faransa da garin Zarmat na Suwizalan akwai wata hanya da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke bi cikin tsaunukan Alps, tafiyar kusan mako guda. Ba injin ɗaukar mutane a mafi yawan hanyar. Da ƙafarsa mutum zai hau dutse, sa'an nan ya zamo ƙasa. Babban abokin gaban matafiyin nan kuwa shi ne guminsa.

Yayin hawa jiki yakan yi zafi, gumi ya jiƙa tufafi. Da an tsaya a ƙololuwa sai iska ta buso, ga shi kuma zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi har wajen sau 25, kuma duk gram guda na gumin da ya bushe yakan tafi da zafi kimanin jul 2,400. Wannan hikimar ce ke sanyaya ruwan randa. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, sai makyarkyata da ruɗewa su biyo baya, har ta kai ga rasa rai.

Saboda haka ana bukatar rigar sama mai hana ruwa shiga, mai barin tururi ya fita. A shekarar 1969 wani Ba'amurke, Robert Gore, ya fizgi wata irin roba mai zafi da sauri, sai ta miƙe ta zama tantani mai ɗimbin ƙananan ƙofofi. Ɗigon ruwa ya fi ƙarfin ƙofofin, amma ƙwayar tururi tana wucewa. Asalin yadin Gore-Tex ke nan.

Mai zaɓen riga yakan duba abubuwa uku. Na farko, ƙarfin tare ruwa: lambar milimita 10,000 tana nufin yadin zai jure nauyin ruwa mai tsayin mita 10 kafin ya yi yoyo. Na biyu, yawan gram na tururin da ke ratsa murabba'in mita guda cikin awa 24. Na uku, miƙewar yadin, wadda zaren sifandes da aka ƙirƙiro a 1958 kan samar, domin hannu ya motsa ba takura. Sau da yawa rigar da ta fi tare ruwa ba ta kai mai laushi fitar da tururi ba, shi ya sa ake sa zif a hammata. A ƙarƙashinta kuma ulu ake sawa, domin auduga tana riƙe gumi.

Ɗalibai za su iya gwada wannan a aji. A rufe kofin ruwan zafi da leda, wani kuma da ƙyalle, a riƙe madubi mai sanyi a saman kowanne. Madubin da ya yi raɓa shi zai nuna yadin da ke numfashi.