Kafin a ɗaura aure da baƙon ƙasa

Malam ya shafa fatiha, an raba goro, amma hukuma takarda take nema. Idan 'yarka za ta auri ɗan Najeriya, ko ɗanka ya ɗauko amarya daga Jibiya, ku mutanen Azagor ta Nijar ku je ofishin magajin gari a rubuta auren tun da ɗuminsa. Wanda ya yi jinkiri, sai ya niƙi gari zuwa kotun Dakoro, ga kuɗin mota, ga neman shaidu.

Tun 2014 doka ta ba macen Nijar damar ba mijinta baƙo 'yancin zama ɗan ƙasa, sai dai nema ake yi, fatiha kaɗai ba ta bayarwa. Kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, don haka ku tambayi 'yan sandan iyaka takardun zama da ake bukata yanzu. A takardar auren kuwa, sunan da ke kan takardar haihuwa shi za a rubuta, harafi da harafi.