Yadda Ake Gyara Menu a WordPress Ba Tare da Aiki Ya Rushe Ba

Menu shi ne layin kalmomin nan na saman shafin intanet da ke nuna wa baƙo hanya: Gida, Labarai, Tuntuɓe Mu. Jera shi a WordPress ba wuya. A shiga Appearance, a latsa Menus, a ja kowane suna inda ake so, a adana. Sababbin rigunan shafi (themes) irin waɗanda suka fara zuwa da WordPress 5.9 a 2022 kuwa, a cikin Editor ake gyara nasu. Sunaye biyar ko shida sun isa.

Wajen sauya launi da girman rubutu ne ake yin tuntuɓe. Wasu masu koyarwa sukan ce a buɗe fayil ɗin style.css na rigar a rubuta a ciki. Muguwar shawara ce. Ranar da aka sabunta rigar, sabon fayil zai hau kan tsohon, wahalar mako guda ta bi ruwa. Wurin da ya dace shi ne akwatin Additional CSS da ke cikin Customize, wanda yake nan tun 2016 (a sababbin riguna kuwa, yana cikin Editor), kuma ko sisi ba a biya.

Kafin a rubuta komai, a ɗora linzami kan menu ɗin, a latsa ɓangaren dama, a zaɓi Inspect don ganin sunan da rigar ta ba shi. Kowace riga da nata sunan, shi ya sa abin da aka kwafo daga shafin wani yakan ƙi aiki. Idan an gyara amma ba a ga canji ba, kada a yi ta ƙara rubutu. Galibi burauza ce ke nuna tsohon kwafin da ta ajiye, sai a share shi a sake dubawa.

Mai shafin Hausa yana da ƙarin aiki: haruffa masu ƙugiya. Salon rubutu da dama ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kalma kamar Ƙasashe ta fito da harafi ɗaya bare, ko ɗan akwati a madadinsa. Noto Sans da Andika suna da su, manya da ƙanana.

Sai waya, inda yawancin masu karatu suke. A can menu yakan naɗe ya koma 'yan layuka uku, alamar da Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star ta 1981. Ƙaramin jerin da ke saukowa idan linzami ya gifta ba shi da tabbas a nan, don yatsa ba ya shawagi, dole ya buɗe da taɓawa. Apple ya ba da shawarar girman maɓalli ya kai ma'auni 44, Google kuma 48. Rubutu toka-toka a kan fari yana da kyau a ofis, amma a ɗauki Tecno ko itel a fita rana da shi, a ga ko zai karantu.