Abincin Ƙwayoyin Bangon Hanji da Girmansu a Jikin Ɗan Alade

Wannan maƙala ta waiwayi tambaya guda: da wane makamashi ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin ƙaramin hanji suke rayuwa a makonnin farko na ɗan alade? An zaɓi wannan dabba ne domin hanjinta ya yi kusa da na jaririn ɗan'adam ta fuskar tsari da aiki, shi ya sa masu binciken cututtukan hanjin bakwaini suke yawan gwaji da ita.

Bangon hanji ba shafaffe ba ne. Yana da tsirai masu kama da ƙananan yatsu, a gindinsu kuma akwai ramuka. A cikin ramukan ake haifar sababbin ƙwayoyi, su riƙa haurowa suna balaga har su kai ƙolin yatsa, su zube. Wannan sabuntawa da ba ta tsayawa tana da tsada: hanji da maƙwabtansa suna cinye kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita, alhali nauyinsu bai taka kara ya karya ba.

Ana haihuwar ɗan alade da ƙarancin kitse, kuma mabiyiyar uwarsa ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa zuwa gare shi. Saboda haka rayuwarsa ta rataya a kan dakashi. Ƙwayoyin da ya zo da su duniya suna haɗiye manyan furotin na garkuwa ɗungurungum, ba tare da narkarwa ba, amma cikin awa 24 zuwa 36 wannan ƙofa take rufewa. Zuwa kimanin mako uku, wasu ƙwayoyi irin na manya sun maye gurbinsu.

Mai karatu zai zaci gulukos ne babban abincinsu, tunda ta jikinsu yake wucewa. Ba haka abin yake ba. Tun a shekarun 1970 Windmueller da Spaeth suka nuna a jikin ɓera cewa hanji ya fi ƙona gulutamin. Daga baya Reeds da abokan aikinsa a Houston ta Amurka suka gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na gulutamet da ɗan alade ya ci, hanji ne yake cinye shi kafin ya isa jini. Wato ƙwayoyin sun fi dogara da amino asid, su bar mafi yawan sukari ya wuce ga sauran jiki. Da gulutamin da furolin kuma suke haɗa arjinin, wanda nonon uwa ba ya wadatarwa. A nan ne ra'ayin da yake ɗaukar hanji a matsayin bututu kawai ya rushe.

Yaye shi ne babbar jarrabawa. Idan aka bar uwa da 'ya'yanta, sai bayan wata biyu zuwa huɗu take yaye su sannu a hankali. Gonakin kasuwanci kuwa suna raba su a kwana 21 zuwa 28. Ɗan aladen yakan ƙaurace wa abinci kwana ɗaya ko biyu, yatsun hanji su gajarce, ramuka su yi zurfi, sinadarin narkar da sukarin madara ya ragu tun masu narkar da hatsi ba su kankama ba. Sai zawo ya biyo baya, wani lokaci har da mutuwa.

A shekarar 1996 Guoyao Wu na Jami'ar Texas A&M ya nuna cewa ƙara gulutamin kashi 1 cikin 100 a abincin yayayyu yana hana gajarcewar yatsun tsakiyar hanji a makon farko. Binciken ya ƙara daraja bayan Tarayyar Turai ta haramta ba da sinadarin zink mai yawa don maganin zawon yaye a 2022. Sai dai gulutamin ba ya amfanar wanda ya ƙi buɗe baki, don haka ƙwararrun makiyaya suke fara sabar wa 'yan aladu da busasshen abinci tun suna kan nono.