Likitan Fim Ba Shi Ne Na Ɗanki Ba

Tambaya: Ɗana mai shekara 10 ya daina magana, yana firgita da dare tun rasuwar mahaifinsa. Na ga wani fim inda likita ya ce wa yaro irinsa "ka yi haƙuri" ya sallame shi. Raina ya ɓaci, har na fasa kai nawa asibiti. Wata uwa daga Kudan.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki. Fushinki yana kan hanya. Yaron da ya yi shiru bayan rashi ba haƙuri ya rasa ba, wanda zai saurare shi yake nema. Amma marubucin fim ne ya sa wa wancan likita magana a baki. Ƙwararre na gaskiya yakan zauna da yaro, ya ba shi takarda ya yi zane, ya tambaye ki barcinsa da cin abincinsa da karatunsa, kuma ba a zama ɗaya ake gamawa ba.

Ki fara da babban asibitin Makarfi ko na Ikara, ki nemi takardar tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ki ci gaba da addu'a, a hana kowa dukansa ko kiransa mai aljanu. Idan ya ambaci son mutuwa, ku tafi a ranar.